Ɗaya Bakin Bargon

Duk wanda ya saba bin hanyar bakin kogin Tomebamba da safe ya san Mama Targelia Sinchi, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar tsohuwar nan mai kitso biyu har gadon baya, da farar malafa, da koriyar falmaran ta masu shara a kan rigarta, tana tafe tana soke ledoji da ɓawon lemo da wata sanda mai ƙusa a baki. Masu gudun motsa jiki su wuce ta, masu keke su kaɗa mata ƙararrawa, ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi. Mutane suna cewa ba ta da fara'a. To, ni na san ta tun tana da ita, har ma ta yi mata yawa.

A wancan zamanin ba a Tomebamba take ba, a bakin kogin Yanuncay take, kuma sabulu ne a hannunta ba sanda ba. Uwarta mai wanki ce, kakarta ma haka. Tun ba ta kai ta ɗauki bokiti ba ake ɗora ta a kan ciyawa a ce ta tsare shanya kada karnuka su taka. Kowane gidan masu wanki da dutsensa a kogin, kuma kowa ya san na kowa. Nasu wani baƙi ne mai faɗi a ƙasan tsohuwar matakalar unguwa, tsakiyarsa ta lotsa saboda shekarun da aka yi ana jibgar kaya a kansa. Da uwarta ta gaza, sai Targelia ta raba dutsen da ƙawarta ta ƙuruciya, Dioselina Chuchuca, wata doguwa mai murya, wadda in ta yi dariya a wannan gaɓar sai an juyo daga waccan.

Targelia ce ta riƙe 'yar Dioselina, Nube, a gaban fada, limamin coci, ranar baftisma. Daga ranar suka ajiye sunayen juna, sai "komadre". A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. 'Yar uwarki ta jini kya iya zaginta da safe ku ci abinci kwano ɗaya da yamma, amma matar da kika riƙe wa ɗiya a coci ba a ɗaga mata murya, ba a kuma wuce ta a hanya a yi kamar ba a gani ba.

Sauran wanki kowa nata take yi. Bargo ne kawai yake haɗa su dole. Bargon ulu in ya sha ruwan Yanuncay, mace ɗaya ba ta isa ta matse shi ba, ko wace ce ita. Sai ka ji ɗaya ta ɗaga murya, "Kama, komadre!" Ɗayar ta yar da abin da ke hannunta, ta ratso ruwa, ta kama ɗaya bakin. Wannan ta murɗa dama, waccan ta murɗa hagu, ruwa yana tsiyaya a tsakaninsu, baki kuwa bai huta ba.

"Murɗa mana! Wannan hannu naki ai sai ka ce na fada, bai taɓa ɗaga abin da ya fi cokali ba."

"Ke dai riƙe naki da kyau," in ji Dioselina, "kada shi ma ya suɓuce miki ya tafi New York."

Mijin Targelia ne ya tafi can neman kuɗi tun tana da sauran ƙuruciya. Ya yi aike na ɗan lokaci, daga nan shiru, har yau. Da wata ce ta taɓo wannan maganar, da sai an raba su da ƙyar. Amma daga bakin Dioselina, sai Targelia ta tuntsire da dariya har bargon ya kusa faɗawa ruwa.

A kan dutsen nan suka yi wa mahaifiyar Targelia wankin biyar. Ranar da mamaci ya cika kwana biyar, dangi sukan kwaso duk tufafinsa da shimfiɗarsa a kai kogi, a wanke a ruwa mai gudu, ruwan ya tafi da guminsa da gajiyarsa, shi ma ya tafi sakayau kada ya dawo yana neman kayansa. Ana zuwa da tukwanen dafaffiyar masara, ana ci, ana kuka, can kuma sai wani ya watsa wa wani ruwa a koma dariya. Dioselina ce ta tsaya a kan komai ranar, don Targelia ba ta ganin gabanta saboda hawaye. Da suka zo matse bargon tsohuwar, Dioselina ta ce, "Komadre, in na riga ki, ke za ki yi mini nawa. A nan, a kan dutsen nan. Ba na son 'yan matan zamani su tsoma mini kaya su fitar su ce sun wanke."

"In ni na riga ki fa?"

"Ke? Ke ai ko mutuwa sai kin makara."

Suka yi dariya da jajayen idanu, amma magana ta zauna.

Abin da ya fara cin sana'ar shi ne injin wanki. Gidajen masu hali da suke aiko musu da ƙunshin kaya duk mako suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, matar gida ta ce an gode, an sayi inji. Sannan sanyin ƙashi ya kama Targelia. Ruwan nan daga kan tsaunuka yake saukowa, da asuba yana yanka hannu, kuma ta yi shekaru tana tsaye a cikinsa. Yatsunta suka kumbura suka karkace, har ta kai in ta tashi da safe sai ta hura musu iska kafin ta iya ɗaure gashinta.

Ana cikin haka aka zo da aikin hanya. Kada wani ya ce ina zagin hanyar nan, don ba na zaginta. Na san bakin kogin lokacin da babu komai sai taɓo da juji da karnuka marasa gida. Yanzu ga shimfiɗa lumui ta masu ƙafa, ga ta masu keke a gefe, ga fitilu, ga bencuna a ƙarƙashin itatuwan turare, ni kaina gwiwoyina suna gode musu. An bi kogunanmu huɗu da ita, mutum ya hau keke daga wannan ƙarshen gari ya sauka a wancan bai yi rigima da mota ba. Abu ɗaya ne dai: duk masu zanen nan da masu awo, ba wanda ya tsaya ya tambayi inda zanen gado zai bushe. Hanyar keken ta ratsa ta tsakiyar ciyawar shanya.

Kamfanin da aka ba kula da wannan yanki yana neman masu shara daga unguwa. Targelia ta dubi yatsunta ta je ta rubuta suna. Ta yi zaton komadre za ta ji haushi, sai ga shi ranar da ta fara fitowa da falmaran Dioselina ta miƙe daga kan dutse ta ƙame, ta sara mata da hannu duk kumfa.

"Kowa ya gyara, ga hukuma ta iso! Ranki ya daɗe, a yi mana sassauci, mu talakawa ne."

"Allah ya shirye ki, komadre."

"Ta yi miki kyau fa. Kin fito sak ganyen kabeji."

Watannin farko lafiya lau. Targelia ta share yankinta, in ta leƙa ba ta ga shugaban aiki ba ta jingine sanda, ta tuɓe takalmi, ta shiga ruwa su matse bargo. Da rana su zauna a kan ciyawa su ci masara da cuku kamar yadda suka saba.

Sai wata ranar Asabar cikin watan Agusta, lokacin iskar nan da ke fizge malafa daga kan mutum. Dioselina ta baza zannuwan gado na wani ƙaramin masauki, aikin da ya rage mata mai ɗan tsoka, ta danne kusurwoyinsu da duwatsu. Iska ta zo ta yaye ɗaya, ta tashi da shi, ta lulluɓe wani mai keke da ya taho a guje, irin masu hular kwano da matsattsen wandon nan. Mutumin ya kifa, wuyan hannunsa ya karye. Kafin ka ce me, an taru. Matarsa tana ihu tana nuna Dioselina da yatsa, wasu suna ɗaukar hoto da waya. Shugaban aiki ya iso a kan babur, fuska a murtuke, ya kira Targelia gaban kowa.

"Wannan yankinki ne ko ba naki ba?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Kin san matar nan?"

Targelia ta dubi taron, ta dubi mutumin da ke ƙasa yana nishi, ta dubi yatsunta. Ta tuna ruwan asuba. Ta ce, "Mai wanki ce a nan."

"To, in na ƙara ganin ko da hankici a kan ciyawar nan, ki tuɓe falmaran ki ajiye. Je ki gaya mata, ina kallo."

Ta taka ta je. Dioselina tana tsaye, hannuwa a sake, ita ma jikinta ya yi sanyi da abin da ya faru, da an ba ta minti ɗaya da kanta za ta kwashe. Amma Targelia ta ɗaga murya yadda shugaban zai ji, ta ce, "Baiwar Allah, kwashe kayanki. Nan ba wurin shanya ba ne, hanyar jama'a ce."

Dioselina ta tsaya tana kallonta kamar ba ta gane yaren ba. Ba ta motsa ba. Shugaban ya yi gyaran murya a baya. A nan ne Targelia ta yi abin da ya fi maganar muni. Ta sa bakin sandar nan, mai ƙusar da ta wuni tana soke ƙazantar gari da ita, ta ɗago farin zanen gadon da aka wanke tas, ta miƙa mata.

"Da sandar shara, komadre?" in ji Dioselina. Muryar nan tata mai tsallake kogi, ranar da ƙyar aka ji ta.

Ta tattara zannuwan a jiƙe, ta ƙulle a mayafi, ta saɓa a baya, ta tsallake hanyar keken, ta kama matakala tana hawa a hankali, ruwa yana ɗiga a bayanta.

Ni dai a ganina, da Targelia ta bi ta gida a yammacin nan, da an gama. Dioselina mai zafi ce amma ba ta da riƙo. Za ta wanke ta tas da baki, ta kira ta ganyen kabeji, ta yi kuka, su sha shayi. Amma kunya mugun abu ce. Targelia ta ce bari zuciya ta huce zuwa gobe. Gobe ta yi, ta hango ta a kan dutse, ƙafarta ta ƙi sauka. Da ta ga ba za ta iya wucewa ta gabanta kullum da sandar nan a hannu ba, sai ta roƙi a mayar da ita Tomebamba. Aka mayar da ita. Wanda aka kawo a madadinta wani dattijo ne, Don Floresmilo Pauta, tsohon maigadi, mutumin kirki amma in an nuna masa layi ba ya kauce masa ko da taɓo ne a kai. Ita ta zaga da shi ta nuna masa aikin. Ya tambaye ta, in masu wanki suka baza kaya me zai ce? Ta gaya masa abin da ita ta ce, kalma da kalma, don shi kaɗai ta sani.

Shekaru suka yi ta tafiya. Aka haɗe hanyar Tomebamba da ta Yanuncay a can ƙasa inda kogunan biyu suke gamuwa, aka yi 'yar gada ta katako da benci a gefenta. Daga inda Targelia take shara zuwa baƙin dutsen, tafiya ce miƙaƙƙiya a inuwa, ba hawa ba gangara, yaro ma ya yi ta a kan ƙaramin kekensa. Sau nawa ta kama hanyar nan? Ita kanta ba ta sani ba. Ranar Lahadi bayan coci ta dafa masara, ta yanka cuku, ta ƙulle a tsumma, ta taho da ƙarfinta tana shirya abin da za ta ce. Tana isowa gadar sai maganar ta watse. Ta ce bari ta ɗan zauna ta huta. Ta zauna tana kallon ruwan biyu suna cakuɗuwa, kekuna suna wucewa, har rana ta karkata. Sai ta ce yanzu ai komadre ta tashi daga kogi, mako mai zuwa. Masarar kuwa karnukan wurin sun san daɗinta.

Labari dai tana samu, don duk ƙarshen wata suna haɗuwa da Don Floresmilo a wurin taron ma'aikata.

"Tsohuwarki tana nan," zai ce. "Ba ta ba ni wahala ko kaɗan. Ta wanke, ta ƙulle, ta hau da shi gida ta shanya a rufi."

Wani watan ya ce, "Ta daina karɓar barguna. Ta ce ba mai kama mata."

Wani watan kuma, "Tana tari, Mama Targelia. Kya ji tausayinta a matakalar nan, sai ta tsaya sau uku kafin ta kai sama."

Targelia ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta kau da kai. Ranar Lahadin da ta biyo ta sake dafa masara, ta sake zama a benci.

Wata ranar Laraba, mai sayar da lemo a bakin gadar kasuwa ta kira ta. "Maƙwabciya, ba ki ji ba? Komadrenki ta cika jiya. 'Yarta ma tana hanya daga New York." Targelia ta tsaya da leda a bakin sanda, ta rasa inda za ta sa ta. Ta je jana'iza, amma can baya ta raɓe, bayan wani ginshiƙi, ta ja malafa ta rufe fuska. Ta hango Nube, yarinyar da ta riƙe a gaban fada, ta zama babbar mace cikin baƙaƙen kaya. Ba ta iya ƙarasawa ta yi mata gaisuwa ba. Ta ce a ranta, ba komai, akwai wankin biyar. Gaisuwa da baki ta gagare ta, amma hannunta ya san aikinsa. Wannan alkawarin kam ba za ta saɓa ba, shi kaɗai ya rage mata da za ta yi wa Dioselina a duniya.

Kwana biyar ya faɗo ranar Lahadi. Ta tashi da wuri, ta ninke falmaran ta ajiye, ta ciro tsohon jan siket ɗinta na ulu mai faɗi da ta daɗe ba ta sa ba. Ta sayi shuɗin sabulu sanda biyu, irin wanda Dioselina ke so. Ta kama hanya tun raɓa ba ta bushe ba, tana sauri.

Ta iso gadar katako. Ta tuna za ta tarar da dangi a cike, 'yan unguwar da suka ga abin da ta yi da sanda suna nan da ransu, za su ɗago kai su dube ta. Wata ma za ta iya cewa, "Au, hukuma ce? Yau ma korarmu aka zo yi?" Ta ce bari ta zauna kaɗan ta daidaita numfashi, ai ba a fara wankin biyar sai an fito daga coci an ci abinci. Ta zauna. Haba Targelia! Ko a wannan ranar? Ta zauna har hanya ta cika da iyalai da kekuna da masu tura jarirai, har inuwar bencin ta koma ƙarƙashinsa. Sai ta zabura ta miƙe.

Da ta iso, babu kowa a kan dutsen. Babu tukwane, babu kumfa a ruwa, dutsen a bushe. Sai Don Floresmilo a tsaye da usur a wuya, ya hango ta ya washe baki.

"A'a, Mama Targelia! Yau ke ce a yankinmu? Da kin zo ɗazu da kin ga aiki. Wasu ne suka sauko da ƙunshin kaya niƙi-niƙi, da tukwane, da yara, za su tare hanya ranar Lahadi, ranar da keke ya fi yawa. Na ce musu sam."

"Me ka ce musu?"

"Abin da kika koya mini mana. Nan ba wurin wanki da shanya ba ne, hanyar jama'a ce. Wata mai baƙaƙen kaya ta tsaya tana cewa wai suna jiran wata, wai za ta zo ta yi mini bayani. Suka yi ta tsayuwa suna leƙen hanya, ba wanda ya zo. Da suka gaji suka kwashe suka hau."

Sai a lokacin ya lura da sabulun da ke hannunta da jan siket ɗin. Murmushin ya gushe. Ya ce, "Wai... na tsohuwar ne? Wayyo. Ai ban san ita ce ba, wallahi ban sani ba."

Targelia ba ta tsaya saurarensa ba. Ta hau matakalar da ta rabu da hawa tun ranar iskar nan. Gidan Dioselina yana nan yadda yake, ƙofar a buɗe, mutane a tsakar gida suna cin masarar da aka dafa don bakin kogi. Hira ta ɗauke da ta shigo. Nube ta taso daga cikin mata, ta tsaya a gabanta, ta ɗan sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama ta riƙa yi wa madrina, wato matar da ta riƙe ta a baftisma.

"Sa mini albarka, madrina."

Targelia ta ɗaga karkataccen hannunta ta yi mata alamar gicciye a goshi. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ina kayan?"

"Mun kai shagon inji. Suna can suna juyawa." Nube ta share ido. "Mun jira ki, madrina. Mama ta ce kada kowa ya sa hannu sai kin zo. Na ce mata, Mama, matar da ta yi shekaru ba ta tako gidan nan ba? Ta ce, 'Za ta zo. Makara ce da ita kawai, tun muna yara haka take.'"

Da zagi Nube ta yi mata, da ya fi sauƙi. Targelia ta ji kamar ta nutse a wurin. Can ta ce, "Duka kuka kai? Ba abin da ya rage?"

Nube ta shiga ɗaki ta fito rungume da wani bargo mai kauri, ruwan ƙasa, da hoton damisa a tsakiya, duk ya koɗe. "Wannan suka ƙi karɓa, wai zai lalata musu inji. A cikinsa ta cika. Ban san rabonsa da wanki ba, ta ce ba ta iya shi ita kaɗai. Bari in sallami baƙi in biyo ki."

"Zauna da baƙinki," in ji Targelia. Ta karɓa ta fita.

Don Floresmilo ya gan ta tana tsallake hanyar keke da bargo a ka. Ya kai hannu kan usur, ya sauke, ya juya ya tafi can nesa yana tsintar shara inda babu shara.

Ta tuɓe takalmi ta shiga. Ruwan ya sare ta har cikin ƙashi, ba ta kula ba. Ta jiƙa bargon, ta shimfiɗa a kan baƙin dutsen, ta goga sabulu, ta hau da ƙafa tana tattakawa, ta ninka ta jibga, ta sake sabulu. Warin Dioselina yana tashi daga ulun, man zafin da take shafawa a ƙirji da hayaƙin murhunta. Targelia tana wanki tana magana ƙasa-ƙasa, duk abin da ta yi shekaru tana shiryawa a hanya yana watsewa a gada, yau ya fito da kansa. Ta ɗauraye har ruwan da ke fita ya yi fari. Ba tsomawa ta yi ta fitar ba, wanki ta yi na gaske, wanda ko mai shi ta gani ba za ta sami abin cewa ba.

Ta jawo bargon daga ruwa da ƙyar, ta tattaro baki ɗaya a hannunta, ta miƙa ɗayan gefe ba tare da ta duba ba.

"Kama, komadre."

Bakin bargon ya faɗa ruwa, kogi ya ja shi ya miƙar. A sama wani ya kaɗa ƙararrawar keke ya wuce.

Ta jawo shi daga ruwa. Sannan ta gwada ita kaɗai. Ta danne gefe ɗaya da ƙafa ta murɗa, yatsun suka ƙi. Ta naɗa a jikin dutse ta ja, ya zame. Ta dubi ciyawar gefen hanya, kore shar, an aske ta daidai, rana tana dukanta. Ba mai hana ta yau. Amma ta kasa, ba ta ga fuskar da za ta baza shi a wurin da ta hana mai shi ba.

Ta ninke shi a jiƙe, ta ƙulle a mayafi, ta durƙusa ta saɓa a baya. Sai da ta dafa dutse kafin ta iya miƙewa. Ta tsallake hanyar, masu keke suna kauce mata, ruwan sanyi yana bin bayanta yana gangarowa cikin siket har dugadugai. Ta kama matakala. Ba ta yi nisa ba numfashinta ya sarƙe, ta tsaya ta dafa bango. A daidai inda hannunta ya sauka, fentin bangon ya goge ya yi santsi, tsayin kafaɗar doguwar mace in ta sunkuya.

"Ashe haka yake da nauyi, komadre," ta ce. "Kullum?"

Ta gyara ƙullin a ƙirjinta, ta ɗaga kai ta dubi sauran matakalar, ta ci gaba da hawa.